Kanumfari Uku

"An sake sace miki rubutu, Yaya," in ji ƙanwata. Ta miƙo min waya muna tsaka da gurza kwakwa a gidanmu na Mombasa.

Ko a jikina. Duk girkin marigayiya Mama da na sa a shafina, sai na dasa ƙarya ɗaya a ciki. A shinkafar pilau na rubuta kanumfari bakwai, alhali uku take sawa. Ɓarawo ya kwashe har da ƙaryar, in kai ƙara da ita, a rufe shafinsa. Goma sha ɗaya na kama a haka.

"Mu ga wannan marar kunyar," na ce.

Kalmomina ne tsaf, har da hoton lotsattsiyar tukunyarmu. Na gangara neman tarkona, sai na tarar uku aka rubuta. A ƙasa akwai layin da ba nawa ba: "Uku, mai kunnen ƙashi. Mutane kike ciyarwa, ba ɓarayi ba."

Ƙanwata ta ajiye kwakwar. "Yaya, wa ke kiranki haka?"

Ta san amsar. Ni da ita muka yi wa Mama wankan gawa, bana shekara huɗu.