Motar Kwana Uku

Ranar Litinin Baba Shuɗi ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, ya sunkuya zai ɗaure igiya, sai ɗakin ya juya da shi. Da ya farfaɗo rana ta yi sama, ƙirjinsa kuwa kamar an ɗora masa buhun siminti.

Shekara ashirin da biyu yana fesa fenti a wani babban kamfani mai ƙera gadajen ƙarfe, ma'aikata sun fi dubu. Shuɗin fenti ya kama farcensa, ko an dirje ba ya fita, daga nan sunan ya bi shi. Sati uku ke nan fankar da ke zuƙe warin fenti a sashensu ta mutu. An rubuta, an sake rubutawa, aka ce ana jiran kayan gyara. Su kuwa bayin Allah suka ci gaba da shaƙa ta cikin takunkumin da ya tsufa.

Ya laluba aljihu neman waya, sai ya tuna tana cikin rigar aiki, a akwatinsa na kamfani. Ɗakinsa shi ne na ƙarshe a gidan haya, can bayan banɗaki, ƙofarsa tana kallon katanga, ba hanyar kowa ba ce. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa tilo tana aure a gari mai nisa. Ya gwada ɗaga murya, tari ya ƙwace ta.

Bai tsorata sosai ba, don akwai doka. Kowane ma'aikaci yana buga katinsa a na'urar bakin ƙofa kafin ƙarfe bakwai. Wanda katinsa ya yi kwana uku ba a buga ba, farar mota za ta zo har gidansa da ma'aikaciyar jinya. Ma'aikata sun tsani motar nan. Suna kiranta "Sai Wata Rana", don in dattijo ne aka ɗora masa abin awo aka ji ƙirjinsa yana kuka, takardar sallama ce ke biyo baya. Shi kansa ya sha faɗa a bencin cin abinci cewa gara ya mutu a tsaye da a turo masa ita.

To ga shi yanzu ita yake jira.

Ranar Alhamis da safe ya ja jiki ya share ɗakin daga zaune. Ya tura kwanukan da ba a wanke ba ƙarƙashin gado, ya sauya riga, don kada baƙuwa ta ce tsohon nan ƙazami ne. Ya zare sakata, ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya ɗaga kai.

Juma'a biredi ya ƙare, ruwan bokiti ya kusa ƙasa. Ya shiga nema musu uzuri. Wataƙila direba bai gane layin ba. Wataƙila motar tana gareji, ai kayan kamfanin nan duk haka suke. Ranar Asabar uzuri ya ƙare masa.

Ciwon ƙirjin daban, amma ba shi ya fi cinsa ba. Su shida ne a sashen fenti, benci ɗaya suke zama da rana. Ga Dogo, wanda shi ya koya wa riƙe bindigar feshi. Ga Uwar Tagwaye, da ke tsokanarsa kullum wai za ta nemo masa bazawara mai haƙuri da warin fenti. A ce duk cikinsu ba wanda ya waiwaya ya ce ina tsohon nan? Ya juya fuska bango, ya daina sauraren titi.

Ranar Lahadi matar tela ta ɗakin farko ta biyo kazarta har bayan banɗaki, ta ji wani numfashi kamar ana jan zarto. Ita da mijinta suka kai shi asibiti. Likita bai ɓoye masa ba, huhu ɗaya ya riga ya tafi, da an kawo shi tun Alhamis da an ceto shi.

Sati biyu cif da faɗuwarsa ya shiga kamfani da sanda, ya wuce sashen fenti bai leƙa ba, ya tsaya gaban mai rajista.

"'Yata, ba rigima na zo yi ba, tambaya ɗaya ce. Ko kare ne ya yi muku shekara ashirin da biyu yana gadi, ya ɓace sati biyu, ai kwa leƙa. Me ya hana motar zuwa?"

Ta dube shi, ta dubi takarda, ta sake dubansa.

"Baba, wace mota? Ai sai wanda ya yi fashi ake tura wa." Ta juyo masa takardar.

Babu fashi ko na rana ɗaya. Tun Litinin ɗin farko abokan aikinsa biyar suke karɓa-karɓa suna buga masa kati kafin bakwai don kada a sallame shi, kowannensu yana zaton wani a cikinsu ya je ya duba shi.