Gemun Tela da Hukuncin Na Ƙarshe

Tanimu, tunda aka ba ka shugabancin gasarmu ta ƙwallo ta bana ka daina amsa sallamata da kyau. Na kawo shawara a sassauta hukuncin wanda ya zo na ƙarshe, ka bi majalisa kana cewa wai tsoro nake ji. Ni? Mutumin da ke zaɓen 'yan wasa tun kana rarrafe? Don kawai ƙungiyata ta ɗan sauka ƙasan teburin gasa tana shan iska? To, na yafe maka, babba juji ne. Amma gyara zama ka ji misali, kyauta, ba sai ka gode ba.

An yi wani tela a wata kasuwa, mai gemun da ba ya hawa keken ɗinki sai ya taje shi ya shafa masa turare. Shi da 'yan majalisarsu suka ƙulla irin wannan gasa tamu: kowa ya tsinto 'yan ƙwallo daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa a waya, abin da suka yi a fili ranar wasa shi ne makinsa. Aka ce tela ya tsara doka, tunda shi ya saba da awo da yanka. Shi kuwa da ma akwai wanda yake hari, wani mahauci mai gashin baki kamar ƙahon bauna, wanda ya taɓa cewa a gaban jama'a gemun tela ya fi dacewa da share teburin nama. Tela ya san mahauci ba ya son kowa sai 'yan baya, kullum cewa yake gida daga katanga ake fara shi. Sai ya yanka dokar daidai wuyan mahauci. Wanda ya zura ƙwallo maki shida, ɗan bayan da ya hana a ci gidansu maki ɗaya tal. Kyaftin, duk abin da ya samu a ninka, alheri ko tsiya. Kuma in ka zaɓa ka zaɓa, babu canji sai kakar wasa ta ƙare. Da aka zo kan hukunci, abin da ke zuciyarsa shi ne a zaunar da na ƙarshe a tsakiyar kasuwa, wanzami ya kwashe duk gashin da ke fuskarsa, ana kaɗa kalangu. Ya faɗa, majalisa ta ɗauki shewa. Sai ya lura mahauci yana murza gashin bakinsa, yana duban hanya kamar mai shirin tashi. Tela ya ce a ransa, tarkon da ya cika haƙora ko gafiya ba ta shiga. Nan take ya sauya murya, ya zama dattijo mai tausayi, ya ce haba jama'a, wasa ake yi, aski ya yi yawa. Na ƙarshe ya hura gawayi ya dafa wa majalisa shayi yini guda, sanye da rigar ƙungiyar da ya fi tsana. Aka yi ta gunaguni, aka dai amince a kan haka. Mahauci ya gyara zama. Tela ya cika ƙungiyarsa da 'yan gaba zalla, ya tafi gida yana shafa gemu.

To, ƙwallo ba ta san tela ba. Ɗan gabansa na farko ya karye tun ana motsa jiki kafin wasa. Na biyu aka sayar da shi wata ƙasa da ba ta cikin gasar. Kyaftin ɗinsa kuwa ya gano cewa ya fi gwaninta a naushi, ya dinga karɓar jan kati, dokar ninki tana ninka wa tela asara. Ya zo majalisa da muryar lallashi yana neman a bari a yi canji ko na mutum ɗaya, aka tuna masa wanda ya ce in ka zaɓa ka zaɓa. Mahauci kuwa da makinsa ɗaya-ɗaya, kamar mai tara tsakuwa, ya lallaɓa ya zauna a tsakiyar teburi. Ranar da aka rufe gasa tela ne a can ƙasa, ba kowa a bayansa sai iska. Yana isowa majalisa ya tarar da wanzami zaune yana wasa aska a tafin hannu, mai kalangu na gyara tsirkiya, 'yan majalisa na ihu wai ai shi ya fara kawo maganar aski, a ba shi abinsa. Tela ya damƙe gemunsa da hannu biyu kamar mai kare jariri daga ruwan sama. Sai mahauci ya ɗaga hannu ya ce, “Doka doka ce. Shayi muka amince, ba aski ba. Ku bar masa tsintsiyarsa. Tela, hura wuta, kuma sukari ya ji.” Wallahi Tanimu, ba a taɓa ganin mutum ya sa rigar maƙiya da sauri haka ba. Ya tsuguna gaban gawayi, hayaƙi na shiga idonsa, ana yi masa dariya daga layin 'yan nama har na 'yan tumatir, shi kuwa fifita kawai yake yana hamdala, lokaci-lokaci ya kai hannu haɓa ya tabbatar kayansa na nan.

Don haka, ranka ya daɗe shugaba, kafin ka kira wanzami ka tuna kakar wasa ba ta ƙare ba, kuma kai ma golanka na ga yana ɗingishi. Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.