Batirin Cikin Gora

Ana tsakiyar hawan tudun Collserola keken Ferran ya yi nauyi kamar mataccen jaki. Batirin da ya ɓoye a gorar ruwa ya ƙare. Shekara uku yana riga abokansa kaiwa sama duk Lahadi, yana yi musu gorin tsufa, alhali ɗan inji ne a cikin ƙarfen keken yake tura shi.

Ya sauka kan tsakuwa, ya dafe cinya.

"Jijiya ce ta riƙe ni. Ku wuce."

Abokinsa Quim ya tsaya yana haki. "Jijiya, ko? Sannu, gwarzo."

Ya ciro wata gora irin ta Ferran sak, ya miƙa masa.

"Matarka Neus ta ba ni, sati biyu kafin ta rasu. Ta ce ko wayarka ita ke sa maka a caji, wata rana za ka manta. Duk Asabar nake cika batirin da ke ciki."

Ferran ya kasa ɗaga kai. "Sauran ma sun sani?"

"Kurame ka ɗauke mu? Abin yana ƙugi kamar tsohon firji. Hau ka wuce gaba, mun saba."