Gwiwoyin Lurwanu a Filin Kwando

Da Alhaji Barau Dogo yana da gwiwoyinsa na da, babu ɗan wasan ƙwallon kwando na yau da zai wuce shi. Shi da kansa ya tabbatar da haka shekara da shekaru.

Da asibitoci suka fara haɗa aron gwiwa na wuni ɗaya, ya aika wa mijin 'yarsa, Lurwanu magini, ya ara masa nasa. Ba a ce wa suruki a'a.

"Yadda ya dawo da su, haka za mu mayar maka," likita ya gaya wa Lurwanu.

Lurwanu ya zauna a keken guragu bakin fili, yana kallon gwiwoyinsa suna wasa.

Alhaji ya kafe ƙarƙashin kwando kamar zamaninsa, yana jiran mai zuwa. Babu wanda ya zo. Daga nesa samarin da yake wasa da su suke jefa ƙwallo, tana shiga.

"Baba Dogo, inuwa kake sha? Fito mana," in ji ɗaya.

Ya fito da gudu. Saurayin ya kauce, Alhaji ya murɗa zai bi shi. Har bakin fili an ji ƙarar gwiwoyin.

Da yamma Alhaji ya bayyana cewa gwiwoyin zamani ba su da ƙwari.

"Haka ne, Baba," in ji Lurwanu. Sannan ya raɗa wa matarsa ta nemo masa sanda.