Ƙofar da ba ta karɓi lanƙwasa ba

Zauna ka ji wani misali kafin ka koma kan aikinka. An yi wani saurayi mai ƙera manhaja, ya haɗa wadda ke kai saƙon neman jini daga asibitocin ƙauye zuwa ma'ajiyar jini ta birni. Saƙo sai ya bi ta ƙofofi da yawa kafin ya isa, kuma kowace ƙofa tana da tsarin abin da za ta karɓa: suna, rukunin jini, sunan gari. Saboda gaggawa, duk ƙofar da ya gina sai ya sake rubuta mata nata tsarin daban. Wata dattijuwa da ta riga shi shiga sana'ar ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, yi mudu ɗaya ka ajiye, kowace ƙofa ta riƙa ara. Ranar gyara wuri guda za ka taɓa." Ya yi dariya ya ce, "Inna, bari ya fara aiki tukuna, in an samu sarari sai a gyara." Sarari kuwa bai taɓa zuwa ba.

Ana nan sai aka gano tsarin nasa baƙaƙen Turanci kawai ya sani. Da ya ga ƙ, ko ɗ, ko ɓ, sai ya mayar da saƙo. Ya bi ƙofofin yana gyarawa har ya zaci ya gama, ashe wata ta ciki ta ɓuya masa. Ranar wata Laraba da hantsi, yayarsa da ke aure a Rafin Ɗinya ta haihu, jini ya ɓalle mata. Ungozoma ta aika saƙo, ta rubuta sunan garin daidai yadda aka koya mata. Saƙon ya wuce ƙofa bayan ƙofa, ya zo waccan, lanƙwasar da ke kan Ɗ ta maƙale. Jinin yana nan a birni cikin sanyi, babu wanda ya san ana nemansa. Kafin a yi dabarar kiran waya a samo mota, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai ya zauna ya rushe komai, ya yi mudu ɗaya kamar yadda aka ce masa. Aikin bai kai shi la'asar ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Jaririyar tana hannun mahaifiyarsa, an mayar mata da sunan uwarta, shi kuwa har yau bai iya kiran sunan da ƙarfi.

To, ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce: tun ran gini, tun ran zane.