Ranar Kai Tana

Tun da aka fara zuba wa gonaki takin masai na birni, doka ta ce kowace Laraba manomi ya tono tanar gonarsa ya kai a ƙone, domin ita ke shanye dafin takin.

Iya Tabawa ta dire ƙwaryarta gaban Iro, malamin gona.

"Iya, yau ko rabi ba ta kai ba. Ina sauran?"

"Na tona har na gaji, ɗan nan."

"Shingenki lafiya kuwa?"

Kwana shida ke nan da shingen ya faɗi, kajinta na wuni a gonar suna cinye tanar, tana ta murnar yadda suke zuba ƙwai.

"Iya?"

"Ƙwai uku na dafa wa 'yata Lantana da safe," ta ce a hankali. "Cikinta wata bakwai."