Madubin Kan Ogan

"Baiwar Allah, wa ya aiko ki?" in ji mijina, yana zama gaban ogan, babban abin kiɗan coci mai kama da piyano.

Shekara arba'in ya yi yana koyar da kiɗan coci a jami'a a birnin Adelaide, duk Lahadi kuma yana nan ƙarƙashin dogayen bututun ogan ɗin, ya juya wa jama'a baya. Yau ko sunana ya ɓace masa. Gobe zan kai shi gidan tsofaffi, shi ya sa na roƙi fasto makullin coci, don ya yi kiɗa karo na ƙarshe.

"Farfesa, matarka ce fa."

"Matata tana benci na uku. Ke matsa, kin tare mini haske."

Na je na zauna a benci na uku, inda na saba, ban ma san dalili ba.

Ya ɗora yatsu, ya janye. "Yau ɗaurin aure ne ko jana'iza?" ya tambayi cocin da babu kowa. Ni kaina ban sani ba.

Can sai ya miƙa hannu ya gyara ɗan madubin da ke saman ogan, wanda makaɗi ke hango jama'a ta cikinsa. Muka haɗa ido a ciki.

"Kin makara kuma," ya ce, yana murmushi. "Tun ɗazu wata mata take damuna a nan."

Ya soma kiɗa. Ni kuwa ko motsi ban yi ba, ina ta roƙon Allah kada ya waiwayo.